Kaskon Ruwan Tsuntsayen Baba

Ni na kawo kyanwar. Gara in faɗi wannan tun da fari, domin a gidanmu na unguwar Lamorde a Mubi har yau in an tayar da maganar sai a ce "kyanwar nan da ta shigo mana", kamar ita ta yi sallama da kanta aka shimfiɗa mata tabarma. A cikin kwalin taliya na rungumo ta, har ina lallashinta a hanya don kada ta tsorata.

A lokacin shekarata biyu da dawowa gida. Mama ta rasu, idon Baba kuma ya rufe. Da farko an ce yanar ido ce, daga baya likita ya ce jijiyar ce ta mutu, babu abin da za a kankare. Yayyena maza uku kowanne yana da kyakkyawan dalilin zama inda yake. Ni auta ce, ni ce aka duba aka ga ba ni da dalili, sai na tattara kayana na dawo.

Sana'ata gyaɗa ce. In saya da kaka, in adana, in soya, in kai inji, in matse mai, in yi ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya jibge buhunan gyaɗa a ɗaki kuwa ya raba wa ɓeraye goron gayyata, kuma ɓerayen Lamorde ba sa ƙin gayyata. Na ɗana tarko, suka cinye kifin suka bar mini tarkona lafiya lau. Na so in sa magani, sai na tuna kajin maƙwabta suna shigo mana, ni kuma ba na son shari'a. Wata rana ina ƙorafi a gaban matar da ke kawo mana nono daga Wuro Patuji, wadda muke kira Goggo, sai ta ce kyanwarsu ta haihu, in zo in zaɓa. Na je na zaɓi wata mai ruwan toka da farin wuya, saboda ita ce ta fi kama da mai tarbiyya.

Kafin in ci gaba sai na yi bayanin kaskon. A tsakar gidanmu akwai bishiyar lemun tsami, a gindinta kuma akwai gindin wata tsohuwar tukunya da ta fashe tun ina firamare. Mama ba ta yar da shi ba. Ta tona ƙasa kaɗan ta dasa shi, kullum da safe ta cika shi da ruwa, ta watsa tsakin dawa a gefensa. Ta ce a ƙauyensu haka ake yi, gidan da tsuntsu bai sha ruwa ba da bazara ba gida ba ne. Masu zuwa kuwa su ne baiwar Allah, jajayen nan ƙanana da ba su fi babban yatsa ba, sai asisi masu shuɗin ƙirji, sai gwara, sai kurciyoyi biyu ko uku. Baiwar Allah a cikin jinkar madafinmu suke sheƙa. A Mubi ban taɓa ganin wanda ya taɓa su ba, Kirista ko Musulmi, masu harbi da danƙo ma tsallake su suke yi. Saboda haka ba su san tsoro ba, kana tankaɗe suna tsince a gefen ƙafarka.

Da Mama ta rasu Baba ya gaji kaskon. Shi malamin firamare ne da ya yi ritaya, ya shekara talatin da wani abu yana kiran rajista, kuma rufewar ido ba ta raba shi da halin ba. Bayan addu'ar safe in riƙo hannunsa in kai shi kujerarsa ta gindin lemun, in ɗora masa ƙwaryar tsaki a cinya. Ya watsa, ya karkata kai, ya fara. Da kunne yake gane su. Ya ce asisi sun zo su huɗu, ya ce gwara sun zo da surutunsu, ya ce kurciya ɗaya ta yi latti. Hausar Baba ba ta san mace ba, kamar ta yawancin tsofaffin da suka sauko daga ƙauyukan kan dutse: kurciya "shi" ce, Mama "shi" ce, ni ma "kai" ce har ya bar duniya.

"Auta, kurciya ya yi latti yau," in ji shi. "Gobe in ya sake, zai share aji."

A cikin baiwar Allah akwai wata da ke sauka a kan babban yatsan ƙafarsa ta tsaya kafin ta dira ta ci. A da Mama take yi wa haka. Baba dattijon coci ne, bai taɓa cewa komai game da ita ba wanda fasto zai yi masa tambaya a kai. "Na Mamanku" kawai yake kiranta. Amma in ta sauka ba ya motsi, ko numfashi da dabara yake yi. Wannan rabin awar ita ce ke tashe shi daga gado. Abokansa sun ƙare, rediyo ba ya kawo masa sai ɓacin rai, littafi ya gagara. In ya gama kiran rajista ya sha kununsa har ya nemi ƙari, in kuwa aka yi ruwan safe tsuntsaye ba su zo ba, ranar sai na yi da gaske yake cin abinci.

Cikin wannan aji na kawo kyanwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ni ban ko yi tunanin ba. Gyaɗata kawai nake gani.

A watanta na uku ta kama ɓera ɗaya, ta kawo shi ƙofar ɗakina ta ajiye. Na yaba mata, na ba ta kan kifi. Daga wannan rana ta yi ritaya daga harkar ɓera. Ta lura ɓera yana da haƙora, yana da rami, kuma sai an hana ido barci ake samunsa, alhali ga tsakar gida cike da bayin Allah da ba su taɓa jin labarinta ba.

Da ƙadangaru ta fara. Katangarmu a da ta jan-gwada ce, kowane da yankinsa, suna gyaɗa kai kamar masu sauraron wa'azi. Na fara ganin su ba wutsiya, daga baya na koma ganin wutsiya ba su. Ta bi tsaka a bango, ta bi kulɓa a bayan randa. Akwai hawainiya ɗaya da ta daɗe a kan lemun, wadda nake tsoro tun ina yarinya, ita ma wata rana na tsinci rabinta. Da damina ta kashe kwaɗi ta jera su ba ta ci ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: ba yunwa take ji ba. Nono take sha, kan kifi take ci, ta fi ni ƙiba. Sha'awa ce kawai. A shekarar tsutsa ta cinye mini yakuwa da kuɓewar bayan gida ƙarƙaf, kyankyasai suka buɗe reshe a madafi, ɓeraye kuma suna nan a kan gyaɗa, babu wanda ya dame su.

Sannan ta gano kaskon. Na ga lokacin da ta gano shi. Ta kwanta a bayan turmi, ta lafe, wutsiyarta kaɗai ke motsi, tana kallon tsuntsaye sun taru wuri ɗaya, a ƙasa, a lokaci ɗaya kullum, kawunansu a sunkuye. Mu da kanmu muke kiran su da tsaki, mu da kanmu muke tsayar da su da ruwa. Ko a gidan biki ba a yi wa baƙo irin wannan hidimar.

Ba ta farauta in Baba yana zaune, da farko. Sai na mayar da shi ɗaki, ragowar masu latti suna tsince, sannan ta yi aikinta. Ni kuma na sami sabon aiki, sharar gashi. In share jajaye, in share shuɗɗa, in tura su can ƙasan bola kamar makaho zai je ya duba. Ban gaya masa ba. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji, don na san abin da ke riƙe da shi.

Rajista kuwa ba ta ƙarya.

"Asisi biyu ne yau," in ji Baba. "Ina sauran?"

"Sun tafi gona, Baba."

"Wane gona a watan Maris?"

"To ko sun je mayo, rafin nan namu, shan ruwa."

"Mayo ya bushe. Kai ma ka sani."

Na ce wataƙila ƙwai suke kwanci. Ya ce to. Haka muka yi ta yi, ni ina kawo uzuri kamar uwar ɗalibi mai fashi, shi yana cewa to. Da kaka na ce hatsi ya yi yawa a daji, da rani na ce zafi ne. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma tawa ta yi fure har kusan shekara.

Ba zama na yi ba. Na kulle kyanwar a ɗakin gyaɗa da safe, ta fita ta tsakanin bango da kwanon rufi. Na ɗora kaskon a kan turmi, baiwar Allah suka ƙi hawa, su a ƙasa suka saba, kyanwa kuwa hawa turmi a wurinta ba aiki ba ne, sai na mayar da shi gurbinsa. Na jefe ta da takalmi, ta kauce, ta dawo ta kwanta a kansa. Ana cikin haka ta haihu huɗu. Maƙwabta suka zo da kwalayensu, kowa yana kukan ɓera, na raba musu ina jin kamar na yi sadaka. Kafin shekara ta zagayo 'ya'yan sun girma, suna tsallako katanga su zo gaishe da uwarsu a gindin lemun.

Na kai ƙara wurin Goggo. Na ce mata ina ji kamar in rataye ta.

"Subhanallahi," in ji Goggo, ta sauke ƙwaryarta. "Ba a kashe kyanwa, 'yata. Wanda ya kashe shi ba ya gamawa lafiya. Ki sa shi a buhu, ki haye mayo da shi. In ya haye ruwa hanya ya yanke, ba ya dawowa."

Matan cocinmu ma haka suka ce, kalma da kalma. A garin nan ba kasafai ake samun abin da kowa ya yarda da shi ba, sai na ɗauka gaskiya ne. Na sa ta a buhun gyaɗa, na ɗaure, na hau keke, muka haye gada, muka miƙi hanyar Maiha har gidaje suka ƙare. Mai keken ya tambaye ni me ke cikin buhun, na ce baƙuwa ce za ta koma garinsu. Na kwance ta a bakin wata gona. Tana fita wata fakara ta tashi da 'ya'yanta daga cikin ciyawa, na ga kunnuwan kyanwar sun miƙe. Duk hanyar dawowa ina tunanin na kwashe wutar gidana ne na kai dajin da bai yi mini komai ba.

Ban daɗe ina wannan nadamar ba. Bayan kwana shida na fito da safe na same ta a kan turmi tana lasar hannu, ta ƙara ƙiba. Da na gaya wa Goggo sai ta tambaye ni ko akwai ruwa a mayon ranar da muka haye. Na ce yashi ne zalla. Ta ce to ai shi ya sa.

Wata malamar asibiti da ke sayen mai a wurina ita ta ba ni shawarar ƙararrawa. Ta ce in ɗaura mata a wuya, in ta motsa tsuntsaye su ji su tashi. Na zaga kasuwa ban sami ƙarama ba, sai irin ta awaki, wadda in na rataya mata sai dai ta ja ta a ƙasa. Da na dawo gida sai na tuna da kacau-kacau ɗin Mama, wanda take kaɗawa a zumuntar mata. Yana cikin akwatinta, da 'yan ƙararrawa na tagulla a gefensa. Na cire ɗaya, na zura a zare, na ɗaura wa kyanwa. Na yi murna da dabarata ƙwarai. Ban tuna cewa mutumin da ke cikin gidan ya shekara arba'in yana jin wannan ƙarar duk ranar zumunta ba.

Washegari ina zaunar da shi kyanwar ta gitta ta bakin madafi. Baba ya ɗaga kai da sauri, fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba, sannan hasken ya tafi.

"Wa ya taɓa kayan Mamanku?"

"Ni ce, Baba. Guda ɗaya na cire."

"Ka sa wa wa?"

"Kyanwa."

"Don me kyanwa zai sa ƙararrawa?"

Na ce ado ne. Bai ce to ba a wannan karon. Ya watsa tsakinsa, ya karkata kai, amma ba tsuntsaye kaɗai yake saurare ba.

Kwana biyu ƙararrawar ta yi aiki. A na uku kyanwar ta koyi tafiya da ita. Sai ta sunkuyar da wuya, ta ja ciki a ƙasa, ko ƙis ba ka ji. Ƙararrawar ba ta kaɗawa sai lokacin da ta yi tsalle, wato lokacin da ba ta da sauran amfani ga kowa sai mai sauraro. Abin da na shekara ina sharewa da tsintsiya, yanzu ni da kaina na sa masa murya. Daga ɗakinsa Baba yana jin komai: tsit, sai ƙarar tagulla sau ɗaya, sai fuka-fukai su watse, sai tsit. Bai tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Kununsa dai ya fara dawowa da saura.

Ranar wata Talata ce, ina wanke kwanuka a bakin randa, shi yana kujerarsa. Baiwar Allah uku ne suka rage a lokacin. Ta Mama ta sauka a kan yatsansa kamar kullum, ya ɗauke numfashi. Ta dira ƙasa ta fara tsince, tazararta da ƙafarsa ba ta kai taki ɗaya ba. Ban ga fitowar kyanwar ba, ƙarar kawai na ji. Kafin in yar da kwanon hannuna ta haye katanga da jan abu a bakinta, ƙararrawar Mama tana kaɗawa har ta yi nisa.

Na zage ta, na zagi uwarta ta Wuro Patuji, na zagi ɓeraye da gyaɗa da wanda ya fara noma ta. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Na durƙusa a gabansa na ce ni ce, ni na kawo ta, ni na yi ta yi masa ƙarya, ba gona suka je ba.

"Na sani," in ji Baba. "Malami ne ni. Yaro ba ya fashi shekara guda a ce gona ya je."

Na ce yau ɗin nan zan san yadda zan yi da ita, ko me Goggo za ta ce.

"Da 'ya'yansa huɗu? Da jikoki? Za ka bi gida-gida? Kyanwa aikinsa ya yi. Ba shi ya tara su ba. Ni nake kiransu kullum, su kuma suna zuwa don sun yarda da ni. Kama hannuna."

Na kama. Ya ce in kai shi gaban kaskon. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya lalubo bakinsa, ya girgiza shi har ya fita daga ƙasar da Mama ta dasa shi. Ya tuntsurar da ruwan, ya kife shi. Ya miƙo mini ƙwaryar tsakin ya ce in ba kajin maƙwabta.

Washegari bai yarda na fito da shi ba. Ya zauna a bakin gado kusa da taga. Tsuntsayen suka zo a kan lokacinsu, suka sauka a gindin lemun, suna zagaya kifaffen kasko suna kuka. Ina tsaye da tsintsiya ina korar duk kyanwar da ta leƙo.

"Sun zo?" in ji shi, alhali ya fi ni ji.

"Sun zo, Baba."

"Kada ka ba su."

Haka muka yi kullum. Sun zo? Sun zo. Kada ka ba su. Na ga hannunsa yana motsi a kan cinyarsa inda ƙwaryar take zama, sai ya danne shi da ɗayan. Kurciyoyi suka fara dainawa, sai asisi, sai gwara. Baiwar Allah biyun nan su suka fi naci, har suna zuwa bakin tagarsa. Sau biyu na ɗebo tsaki a ɓoye, sau biyu na mayar, don na san zai ji saukarsa a ƙasa.

A safiya ta goma sha ɗaya na tsaya a tsakar gida har rana ta hau katanga. Babu kowa sai kyanwa a kan turmi. Na shiga ɗakinsa da kunu.

"Sun zo?"

"Ba su zo ba, Baba."

Ya daɗe yana sauraro, ko zan zama na sake yi masa ƙarya.

"Madalla," in ji shi. "Sun sami wani makaranta."

Ya ce in ajiye kunun zai sha an jima, ya koma ya kwanta ya juya fuskarsa bango. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina haka ba. Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya, bai sake tambayata ƙarfe nawa da safe ba. Kaskon yana nan a kife a gindin lemun. Duk bazara sai na tsaya a kansa da buta a hannu, in duba katanga, in wuce.